Likkafanin Ammu Dahi

Ammu Dahi, wato Kawu Dahi da Larabcinmu, ya riga ni fara aiki a gandun kare namun daji na bakin teku, a nan Masar. Ni direba ne, ina ɗibar baƙi daga ƙofar shiga in kai su gaɓar teku ko cikin kwari. Shi kuma aikinsa gadin rairayin da kunkuran teku suke fitowa su binne ƙwai. Yawancinmu ma'aikata 'yan ƙabilar Ababda ne, tsakanin duwatsun nan da teku aka haife mu. Shi kaɗai ne mutumin Sa'id, yankin kudancin ƙasar, da ya buɗe baki ka san ruwan Nilu ya sha ya girma. Dogo ne, siriri, da rawani fari mai kauri, ga shan shayi baƙi ƙirin wanda mu ba ma iya haɗiyewa. Ya auri wata mata 'yar garin Kusair mai suna Sabah, suna da 'ya ɗaya, Shahad, tana karatun jinya.

Yana da wasu halaye da muka saba da su har muka daina gani. Bukkarsa ta bakin rairayi ƙofa biyu gare ta, ta bayan shi ya yanka ta da hannunsa. Ba ya zama ya ba hanya baya. Bai taɓa zuwa gida da sallah ba, in aka tambaye shi sai ya ce duk nasa sun mutu. Sannan ba ya yarda da hoto. Da baƙo ya ɗaga waya sai ya ja gefen rawani ya rufe fuska, ya juya yana gyaran igiya. Mukan tsokane shi mu ce tausayin wayar yake ji, kada ta fashe. Sai ya yi murmushi ya ce ai gaskiyarmu ce.

Ana nan aka turo mana sabuwar jami'a daga Iskandariyya, Ustaza Rihab, wadda ta karanci halittun ruwa. Ita aka danƙa wa shafin gandun na Fesbuk, wanda kafin zuwanta babu komai a kansa sai sanarwar lokacin buɗe ƙofa. Yarinyar ta iya aikin. Yau ta sa hoton sawu a kan yashi ta ce a faɗi na wace dabba ce, gobe ta ce a zaɓa wa wata tsohuwar kunkuru suna. Ko faɗa za ta yi wa masu zubar da leda, da raha take yi. Duk wanda ya rubuta wani abu a ƙasa sai ta amsa masa. Ni ma ta sa ni ina dafa gahawa a kan garwashi, har surukata ta gani ta ce na yi ƙiba. Baƙi suka ƙaru, kowa ya ji daɗi.

Wata safiya da bazara wani ramin ƙwai ya makara, 'ya'yan kunkuru suka ɓarke bayan rana ta fito, hankaki kuwa suka yo ca. Ammu Dahi ya tuge rawaninsa yana kaɗa shi sama, yana tafiya a sunkuye a bayan 'yan abubuwan, yana yi musu faɗa da harshen garinsu. Yana ce musu su yi sauri, 'yan banza, uwarsu ba za ta dawo ta goya su ba. Ustaza Rihab tana bayansa da waya. Da na ƙarshe ya faɗa ruwa sai ya juyo kansa a buɗe yana dariya, bai lura da abin da ke hannunta ba. Ta ce ta so ta nuna masa kafin ta sa, sai ta tarar ya bi motar ruwa zuwa gari. Ta sa a shafin, ta rubuta a sama: Ammu Dahi, baban kunkuru.

Bidiyon ya tafi inda ba mu yi zato ba. Kafin mako ya zagayo an yaɗa shi ko'ina, har wani gidan talabijin ya nuna. Shi bai sani ba, domin wayarsa irin mai madannai ce. Mu kuma muka haɗa baki muka yi shiru, muna jiran ranar da za mu sha dariyar fuskarsa.

Wasu 'yan mata biyu daga Alƙahira ne suka sanar da shi. Tun a mota suke tambayata ko za su ga baban kunkuru. Da muka isa suka nufe shi da gudu, suka kira shi da sunansa, ɗaya ta miƙa masa wayarta. Ina tsaye ina jiran abin dariya. Ya kalli bidiyon har ƙarshe. Sai na ga leɓensa ya yi fari kamar wanda ya kwana da zazzaɓi. Ya tambayi yarinyar mutum nawa suka ga wannan. Ta ce ai duk Masar ta gani. Ya mayar mata da wayar, ya shiga bukka, ya fita ta ƙofar baya.

Da la'asar na same shi a bayan tankin ruwa, zaune a ƙasa. A nan ya gaya mini abin da ya ɓoye shekara ashirin da wani abu. A ƙauyensu, can ƙasar Sohaj, yayansa ya yi faɗa da wani mutumin gidan Sarhan a kan layin ban ruwan rake, ya harbe shi. An kama yayan, ya mutu a kurkuku. Amma gidan Sarhan suka ce mutuwar Allah ba ta biyan jini, suka ƙi karɓar gaisuwa. Wanda ya san Sa'id ya san ma'anar haka. Ba dole sai wanda ya yi kisan ba, namijin da ya fi daraja a gidan shi ake nema, kuma shi Dahi shi ne ya rage. Uwarsa ce ta ɗaura masa kaya da hannunta ta ce ya tafi, kada ya rubuto, kada ya zo ko jana'izarta. Bai je ba kuwa. Wanda aka kashe ya bar ɗa namiji ƙarami, Hammam, kuma uwar yaron ta rantse ba za ta cire baƙaƙen kaya ba sai ya girma ya ɗauko fansa.

"Yanzu ya girma, Awad," in ji shi. "Kullum lissafin shekarunsa nake yi."

Muka je wurin Ustaza Rihab tare. Tana jin bayani ta goge bidiyon nan take. Amma abin da ya shiga waya kamar zarar bunu ne, ba ya komawa, wasu sun riga sun kwafa sun sa a nasu shafukan. Sai ta yi tsuru-tsuru, ta ce akwai wani abu kuma. Kwana biyu da suka wuce wani ya rubuta a ƙasan bidiyon cewa wannan ba Dahi ɗan Halafallah ba ne, ashe teku ya koma. Ita ta ɗauka ɗan'uwa ne da aka daɗe ba a haɗu ba. Ta amsa masa kamar yadda take amsa wa kowa, ta ce maraba, a zo a gan shi, kullum yana bakin rairayi ban da Juma'a. Ta fashe da kuka. Ammu Dahi ne ma ya koma lallashinta, yana ce mata ta yi shiru, 'yata, ba ki sani ba. A gandun kaf babu wanda ya san sunan mahaifinsa sai ofishin albashi.

Shugaban gandun ya kai maganar ga 'yan sanda. Suka ce babu laifi a cikin wannan rubutu, amma za su sa ido. Shugaban ya yi wa Ammu Dahi tayin canjin wurin aiki zuwa wani gandu a arewa. Ammu Dahi ya ƙi. Ya ce a da ƙauye ɗaya ne ya san fuskarsa, yanzu ko a tashar mota ya tsaya wani zai nuna shi. Ga gwiwa ta fara ciwo, ga Shahad ta kusa gama makaranta. Ya tura Sabah wurin 'yan'uwanta, ya hana 'yar zuwa hutu, shi kuma ya ci gaba da fita rairayi.

Ban taɓa ganin watanni masu nauyi irin waɗancan ba. Abin da ya fi tsanani shi ne baƙi ba su daina zuwa ba, ƙaruwa ma suka yi, kuma kusan kowa shi yake nema. Kullum baƙuwar fuska ta sauko daga mota tana tambayar ina Ammu Dahi. Shi kuma yana tsaye nesa, ya ba teku baya, yana kallon hannun kowa. Ya rame har rigarsa ta koma kamar an rataye ta a sanda. Shayinsa ma yakan huce a gefensa bai taɓa ba. Ni ma na koma ɗan leƙen asiri a motata. Ina duba lambar duk motar da ta tsaya a ƙofa, ina sauraron yadda mutum yake furta kalma, ina kallon aljihu ta madubi. Akwai ranar da wani ƙato mai babbar riga ya nufe shi ya zura hannu a ƙirji. Ban san lokacin da na diro na cafke hannun ba. Ashe kwalin alewa ya kawo masa tsaraba daga Tanta. Na ba da haƙuri har na gaji. Da na waiwaya sai na ga Ammu Dahi ya durƙusa a kan yashi.

Na yi ta ba shi shawara ya bi wani kawuna cikin duwatsu, inda ko jirgin sama ba zai gano shi ba. Ya ce ya gaji da gudu. Ya ce abin da yake tsoro ba harsashin ba ne, rashin sanin ranar ne.

Wanda muke jira bai zo da babbar riga ba. Saurayi ne mai tabarau, da wando da 'yar shat, ya sayi tikiti kamar kowa, ya zauna a kujerar baya da 'yar jaka a cinya. Na ɗauka malamin makaranta ne. Da muka isa, sauran baƙi suka yi bakin ruwa, shi ya tsaya jikin mota. Ya tambaye ni ko wancan ne mutumin. Kalma uku kawai ya faɗa, amma na ji Sa'id a cikinsu. Na ce a'a, yau bai zo ba. Ya kalle ni ya ce ya kalli fuskar nan fiye da yadda ya kalli ta ubansa, ba zai ɓata ta ba. Ya fara tafiya.

Na bi shi a baya, da ƙarfen kwance taya a cikin hannun rigata, ban ma san me zan yi da shi ba. Ammu Dahi ya hango mu. Bai gudu ba. Ya ajiye igiyar da ke hannunsa, leɓensa na motsi, na san shahada yake yi.

"Kai ne Hammam," ya ce.

"Ni ne."

"Da mahaifinka kake kama. In abin da ya kawo ka ke nan, mu koma bayan bukka. Akwai yara a nan."

Saurayin bai taɓa jakar ba. Sai a lokacin na lura gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce a zauna. Suka zauna a inuwar bukkar, ni na tsaya a kansu.

Ya ce shi mai sayar da magani ne a Sohaj, yana da mata da jaririya. Ya ce ya girma yana addu'a kada a taɓa gano Dahi, don muddin ba a san inda yake ba, babu mai cewa ya kasa. Sai ga bidiyon. Tun daga ranar bai sake samun sukuni ba. Samarin ƙauye suna turo masa shi safe da yamma ba tare da sun rubuta komai ba. A majalisa an daina zuba masa shayi da farko. Uwarsa ta sa an saka mata bidiyon a waya, tana kunnawa lokacin da yake cin abinci, ta ce ya duba yadda ɗan gidan Halafallah yake dariya. Wani kawunsa ya kawo bindiga ya ajiye masa a kan gado.

"Tana cikin jakar nan?" Ammu Dahi ya tambaya.

"Tana ciki. Ban san abin da zan yi ba har na hau motar nan." Ya cire tabarau ya goge. "Ammu, ni ban taɓa yanka ko kaza ba. Amma in na koma hannu biyu, ɗan kawuna za su turo, shi kuma ba zai zauna da kai a inuwa ba. Hanya ɗaya ce ta rage. Ka zo da likkafaninka."

A Sa'id mutum ya ɗauki likkafaninsa a hannu ya kai wa abokan gaba a gaban jama'a, yana nufin ya miƙa ransa, in sun so su karɓa, in sun so su yafe. Da yawa sun gwammace mutuwa da wannan tafiya. Kuma ba duk wanda ya yi ta ne ya dawo ba. Ammu Dahi ya tambayi Hammam ko uwarsa ta yarda. Hammam ya ce ba ta yarda ba, ba kuma za ta yarda ba. Shi dai zai iya ɗaukar alkawarin hannunsa, ba zai iya ɗaukar na kowa ba.

Dattawan sulhu da malamai suka shiga maganar, aka yi ta kai da kawo har kaka ta shigo. Sabah ta yi kuka ta ce tarko ne. Ni ma haka na zata. Ammu Dahi da kansa ya je kasuwar Kusair ya yanko farin yadi, ya ce wa mai shagon na wani ɗan'uwa ne mai tsawonsa.

Ni na tuƙa shi. Muka ratsa duwatsu muka gangara kwarin Nilu, da ya ga gonakin rake sai ya ce an sare itatuwan dabinon da ke bakin hanya. An kafa babbar rumfa a filin ƙauyen, maza sun cika ta maƙil, 'yan sanda suna laluben duk mai shiga. Amma rumfa yadi ce, kuma gidaje masu bene sun kewaye filin. Na ɗaga kai na ga tagogi a rufe, wasu an bar 'yar kafa.

Aka cire wa Ammu Dahi rawani da takalmi. Ya ɗora likkafanin a kan tafukansa biyu, da wuƙa a samansa. Daga bakin rumfa zuwa inda gidan Sarhan suke zaune ba nisa, amma ni na ga kamar ba zai taɓa isa ba. Wurin ya yi tsit, har ƙarar sawunsa a kan tabarma kana ji. Gwiwar nan mai ciwo tana sa shi ɗingishi. Ya kai tsakiya sai wata mace ta kwarma ihu daga wani bene, dogon ihu irin na gidan mutuwa. Mutane suka zabura, 'yan sanda suka kai hannu ƙugu, wani saurayi a layin gidan Sarhan ya miƙe tsaye, dattawa biyu suka danne shi. Na rufe ido ina jiran ƙara. Da na buɗe, Ammu Dahi yana nan yana tafiya.

Ya tsaya gaban Hammam ya ce ga ransa ya kawo. Hammam ya miƙe, fuskarsa babu jini. Ya ɗauki wuƙar. Na ga idon Ammu Dahi ya bi ta. Sai Hammam ya karɓi yadin ya miƙa wa limami, ya ce ya yafe don Allah, ya rungume shi. Aka jawo rago aka yanka a madadin, aka yi kabbara, aka sa hannu a kan Alƙur'ani. A wannan rana gidan Sarhan suka zauna karɓar gaisuwar mutumin da ya mutu tun Hammam yana rarrafe. Uwar ba ta sauko ba. Kawun da ya kawo bindigar ma bai zo rumfar ba.

Dattawa suka ce kada mu kwana. Aka raka shi maƙabarta da 'yan sanda biyu, wani tsoho ya nuna masa kabarin uwarsa. Ya tsuguna ya yi addu'a a gaggauce, yana yi yana waiwaye. Kafin magariba mun bar ƙasar Sohaj. A hanya ya ce in tsaya, ya sauka ya yi amai, ya wanke fuska, ya ce yunwa yake ji. Muka ci wake da burodi a wata tasha, ya cinye nasa ya ƙara da rabin nawa.

Ya koma aikinsa, Sabah ta dawo, Shahad ta gama karatu ta samu aiki a asibitin gari. Ustaza Rihab ta ci gaba da riƙe shafin, amma ta kafa doka, ba a sa fuskar ma'aikaci ko sunansa sai an zaunar da shi an nuna masa ya ce ya yarda. Hammam yakan kira shi da sallah, su gaisa a taƙaice, kowa ya tambayi iyalin ɗan'uwansa. Jikin Ammu Dahi ya ɗan dawo, ko da yake bai koma yadda yake ba.

Bara ne Hammam ya kira ya ce uwarsa ta rasu. Ammu Dahi ya yini yana juya maganar. Ya ce ai yanzu an zama ɗaya, rashin zuwa gaisuwa abin kunya ne, kuma za a ce har yanzu bai yarda da yafiyar ba. Washegari ya sa sabuwar riga, ya ce in kai shi. Muka yi tafiyar nan duka, muka wuce duwatsu, muka shiga gonaki. Da muka iso gadar da ake tsallakawa a shiga ƙauyen, muka hango rumfar makoki da maza zazzaune a bakinta, sai ya dafa hannuna a kan sitiyari. Tafinsa sanyi ƙalau.

"Juya, Awad," ya ce. "Zan yi masa gaisuwar ta waya."

Na juya motar a bakin gadar, muka kama hanyar teku.